Turmin Baba Ilu

Duk wanda ya san Baba Ilu a Batsari ya san ba ya tsayawa a gaisa. Ba girman kai ba ne, Allah shaida, ƙafarsa ce ba ta kai ƙasa. Mutumin gajere ne, irin gajartar da in yana sahun sallah sai ka leƙa ka tabbatar ba giɓi aka bari ba. Mashin ɗinsa kuwa dogo ne, irin na malaman gona na da, mai tayoyi masu haƙora da madgad, wato murfin taya, can sama kusa da fitila, wanda aka ƙera don yashi da kwazazzabo. To in ya haɗu da babba a hanya, gaisuwa dole ce, tsayawa kuma faɗuwa ce. Sai ya sa giya ɗaya ya kama zagaye mutum. Ya zo ta gaba ya ce ina kwana, ya ɓace ta bayan ƙeya, ya sake ɓullowa da ina gajiya, ya tafi ya dawo da yaya iyali, kuma ba ya tsallake ko ɗaya, har shanu da damina sai ya tambaya. Da idona na ga limamin unguwarmu tsaye a ƙofar masallaci yana juyawa yana amsawa, har jiri ya fara ɗibarsa, ya dafa bango ya ce, "Ilu, na yafe sauran, je ka."

Ni ɗan wansa ne, sunana Lawal, gidanmu katanga ɗaya, kuma Allah ya yi ni dogo, abin da Baba bai taɓa yafe mini ba. Cewa yake na cinye rabon tsawon gidanmu ni kaɗai, kuma ban yi komai da shi ba sai buge kai a ƙofa.

A ƙofar gidansa akwai wani tsohon turmi da ya tsage, ya kife shi ya binne rabinsa a ƙasa. A kansa yake hawa mashin, a kansa yake sauka. A masallaci bulo biyu ne, a kasuwa kututturen bishiya gefen masu goro, a garejin Sada bakanike tsohon rim ɗin mota. Garin nan kaf an san matakalan Baba Ilu, ba mai taɓa su. Wani baƙo ne ya taɓa kasa albasa a kan kututturen nan ranar kasuwa, bai sani ba. Baba ya yi ta kewaya layin masu goro yana kiran a ɗauke albasa, shi kuwa baƙon ya ɗauka ciniki ne ya zo, duk kewayowa sai ya ƙara rage masa farashi.

Sunan mashin ɗin Taguwa, don tsawonta da taurin kanta irin na raƙumi. Da ita ya yi aikin malamin gona, da zai bar aiki aka yi gwanjonta ya saye. Lokacin da na yi wayo kusan komai na jikinta ya sake. Sirdinta fatar ragon layya ce. Kariyar ɗaura kayanta ƙarfen gadon auren Iya Abu ne, matarsa, wanda ya ce mata zai kai walda a gyara, kuma gaskiyarsa, waldar ya kai. Inda take shaƙar iska soson katifa ne a ciki. Sada yana cewa abin da ya rage na kamfani a jikinta lambar inji ce kawai, ita ma don Baba bai samu yadda zai canza ta ba ne.

Za ku ce me ya hana shi sayen ƙaramin mashin irin na kowa, wanda ƙafa ke kai ƙasa? Mun faɗa har bakinmu ya gaji. Dalilin yana can bayan Babban Duhu, a ƙasar Safana, a wata 'yar unguwa da ba ta kai a kira ta ƙauye ba. Can yayarsa take, Gwaggo Dije. Ita ta goye shi da uwarsu ta rasu yana jinjiri, ita ta raine shi da kunu da nonon akuya. Ta tsufa, idonta ya tafi gaba ɗaya, tana zaune da matar ɗanta da jikoki da 'yan awakinta. An yi an yi ta dawo Batsari, ta ce ba mai raba ta da ɗakin da hannunta ya san ƙofarsa. Duk mako, washegarin kasuwar Batsari, Baba sai ya ɗaure goro da gishiri a kariya ya tafi. Hanyar yanke yake bi, yashi ne da duwatsu da rafi biyu, ƙananan mashina ba sa iya ta da damina. A can ma yana da turmi, Gwaggo ce da kanta ta ba da nata aka kife masa a gindin darbejiya, daidai ƙofar ɗakinta.

Da hanya ta lalace da ɓarayin daji, masu zuwa suka ragu, suka ragu, har ya zama a danginmu shi kaɗai ke taka ƙofarta. In Taguwa ta kwanta, Gwaggo ba ta da baƙo, zancen ke nan. Shi dai ba ya faɗin haka. In an tambaye shi sai ya ce zuwa yake ya ba ta haushi, don in bai je ba ba ta samun wanda za ta zaga, ciwon kai ya kama ta.

Kalmar da ba a faɗa a gabansa ita ce "ta lalace". Taguwa ba ta lalacewa, fushi take yi. Da safe sai ya hau turmi, ya buɗe mai, ya jijjiga ta, ya kara kunne a tanki. Sannan ya taka kik a hankali har ya ji ya yi tauri, sai ya ce bismillahi ya daka tsalle ya sauko a kai da duk nauyinsa, wanda dama bai taka kara ya karya ba. In ta tashi, to. In ta ƙi, ba ya zaginta, ba ya dukan tanki kamar yadda samari ke yi. Sauka yake ya shimfiɗa tabarma, ya juya mata baya, ya ɓare goro. In ka zo wucewa ka tambaya lafiya, sai ya nuna ta da haɓa ba tare da ya waiwaya ba, ya ce, "Fushi take. Ni ma na iya." Abin haushin, wallahi, sau da yawa in ya gama goron ya koma sai ta tashi. Sada ya ce mai ne ya cika ta, zaman ne ke sa ya tsane. Baba ya ce Sada yaro ne, bai san mata ba.

Sai kuma fulogi. Baba bai yarda fulogi yana mutuwa ba, gajiya yake yi. Yana da wani gwangwanin madara cike da tsofaffin fulogai a ƙarƙashin gado. In na jikin Taguwa ya daina wuta, sai ya kwance shi ya jefa a gwangwani ya ce ya je ya huta, ya zazzage sauran a tabarma yana juya su da yatsa, ya zaɓi wanda ya fi daɗewa yana hutu. Ya kankare shi da reza, ya gasa shi a murhun Iya Abu, ya ɗaura. Wani lokaci a dace, wani lokaci a wuni ana kik. Sayen sabo kuwa, in ka ambata, sai ya dube ka kamar ka ce ya sayar da gona.

Wata rana ana cikin wannan fama Sada ya zo wucewa, ya tsuguna yana taya shi zaɓe. Baba ya ɗauko wani baƙi ƙirin ya ɗaura, kik ɗaya ta tashi. Ranar ba wanda ya huta da bakinsa. Ya ce wannan tun yana aikin gwamnati yake kwance a gwangwani, ga shi ya fito kamar ango. Sai a zaman makokin Baba ne Sada yake faɗa mana cewa sabo ne ya sayo, ya shafe shi da baƙin tukunya ya saka a cikin tsofaffin, kuma tun daga ranar yake yin haka lokaci-lokaci. Muna cikin mamaki sai muryar Iya Abu ta fito daga bayan labule, ta ce ai Malam ya sani tun na farko. Ta ce a ranar ya shigo yana wanke hannu yana cewa, "Yaron nan bai iya shafa baƙin tukunya ba, amma a ƙyale shi, yana neman lada." Sada ya sunkuyar da kai. A nan ya gane dalilin gyaɗar da ake aiko masa duk kaka ba tare da an ce ta mece ce ba.

Labarin haɗuwarsa da mutanen daji kuwa daga bakinsa muka ji, don haka ku rage abin da za ku rage. Ya ce da hantsi ne, a yashin rafi na biyu, samari uku da bindigogi suka fito suka ɗaga masa hannu. Ya ce musu ba inda zai taka, suka ɗauka gardama ce. Ya kewaya sau ɗaya, ya ga fuskokin ba na gaisuwa ba ne, sai ya kashe Taguwa suka zube tare a yashi. Suka ce mashin suke so. Ya karkaɗe hula ya ce su ɗauka in ta yarda. Babbansu ya hau ya buga kik irin na ƙananan mashina. To Taguwa in ba ka lallaɓa kik ɗinta ba, dawowa yake ya rama. Ya dawo ya same shi a ƙauri, Baba ya ce sai da ya ji ƙarar a nasa haƙoran. Na biyu ya gwada, shi ma ya samu rabonsa. Na ukun ya zagaya ta, ya ga fatar rago, ya ga ƙarfen gado, ya tambaya wai wannan mashin ne ko kayan gado. Suka karɓe goron suka ce ya kwashe tsiyarsa ya wuce.

"Sai na ce, samari, ai ba na iya hawa sai an riƙe mini."

Mu dai mun yi dariya har da hawaye. Amma ina kallonsa ranar, tuwon da aka ajiye masa bai taɓa ba, kuma da zai kai moɗa baki sai da ya riƙe ta da hannu biyu. Iya Abu ta ce daga yau an gama, ta rantse in ya sake bin hanyar nan sai ta tara masa dangi. Bai yi musu ba. Da mako ya zagayo sai ga shi a kan turmi yana ɗaure goro, kashi biyu wannan karon. Ta tambaye shi na biyun na waye. Ya ce na 'yan riƙe mashin ne, kar a sake cinye wa Yaya nata.

Amma abin da ya sa nake ba ku labarin nan shi ne zancen salansa, wato bututun hayaƙin mashin.

Kun dai tuna ƙarar Taguwa. Salansarta ta huje a wurare, in ta taso sai ta yi ɓaɓatu, ta yi tari sau biyu, sannan ta ja wani siririn fito a ƙarshe. Tun daga tasha ake sanin Baba Ilu ya fito. Iya Abu ta daɗe tana ƙorafin kajinta sun daina ƙwai, jikokinta na firgita a barci. Mu duka mun ɗauka maƙo ne ya hana shi gyarawa, irin na fulogi. To wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, har mako ɗaya ya wuce bai je wurin Gwaggo ba. Iya Abu ta ga dama ta samu. Ta sayar da tunkiyarta, ta kira Sada, ni kuma na tura Taguwa zuwa gareji, aka ɗaura mata sabuwar salansa fil, tana ƙyalli. Mu a tunaninmu alheri muka yi wa mara lafiya.

Washegarin kasuwa ya fito yana tangaɗi, ya hau turmi, ya daka kik. Ta tashi tana wani gurnani a hankali kamar kyanwa ta ƙoshi. Ya tsaya. Ya leƙa gefe ya ga ƙyalli. Ya dubi Iya Abu, ya dube ni. Na ɗauka zai yi faɗa, sai ya dubi rana ya ce Yaya ta yi mako biyu ba ta zagi kowa ba, in ya dawo za mu yi magana. Iya Abu ta ce tunda jikinsa bai yi ƙwari ba, sai dai Lawal ya hau baya. Haka muka tafi, shi a gaba kansa daidai ƙirjina, ni a baya gwiwoyina sun kusa kai kunnuwansa. Duk inda na sauke ƙafa don in tare mu sai ya buge mini cinya ya ce kar in saba mata.

Muka isa unguwar da hantsi, ba kowa. Tukunya na kan wuta tana tafasa, taɓarya na tsaye a cikin turmin daka, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a tsakar hanya, awaki na kallonmu. Baba ya zagaya darbejiya ya daidaita turminsa ya sauka, na ga fuskarsa ta canza.

Abin da mu 'yan cikin gari muka manta shi ne, a can kunne ne mai gadi. In aka ji ƙarar mashin daga wajen daji kuma ba a san muryarsa ba, ba a tsayawa tambaya, kowa ya ɗauki na ɗauka ya faɗa cikin gero. Muryar Taguwa kaɗai ce in aka ji ba wanda ke motsi, sai ma yara su fito tarye. Mu kuma muka toshe mata baki muka kawo ta.

Gwaggo ba ta iya gudu. Matar ɗanta ta so ta goye ta, ta ƙi, ta ce ta kwashi yara ta tafi. Muka same ta zaune a bakin gadonta, ta gicciye sanda a cinya. Baba ya yi sallama. Ta amsa, ta ce wane ne.

"Ni ne, Yaya."

"Ƙarya kake. Ilu ba ya zuwa kamar ɓarawo."

Sai da ya matso ta shafa kansa, ta ji inda tsawon ya ƙare, sannan ta yarda. Na fita ina ƙwala kira cewa mu ne. A hankali mutane suka fara fitowa daga gonaki, wani dattijo ba hula, wata mai jego ƙaya ta yage mata zane, yara sun yi tsuru-tsuru. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya yi mana faɗa, wannan ya fi yi mini ciwo. Ni dai na rasa inda zan sa tsawona don kunya.

Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ba su haƙuri, yau a tsaye da ƙafarsa. Sannan ya ce a samo masa ƙusa da guduma. Aka fito wa Gwaggo da tabarma gindin darbejiya. Ya tsuguna a gaban sabuwar salansar nan, tunkiyar Iya Abu guda, ya kafa ƙusa ya buga. Ya hau turmi ya tayar, ya murɗa mai. Gwaggo ta karkata kai tana saurare, ta ce a'a, wannan kukan ɗan maraƙi ne, a ƙara. Ya ƙara huji ta ƙasa. Ta ce ɓaɓatun ya zo, saura tarin. Dattijon nan mara hula ya sa baki ya ce da can ta gefen taya iskar ke fita, yana ganin yadda take busa ƙasa. Aka huda nan, tari ya dawo. Zuwa lokacin unguwar duk ta kewaye mu, kowa da ra'ayinsa, har gardama ta tashi tsakanin mata biyu a kan ko tarin sau biyu ne ko uku. Fiton ne ya ba da wahala. Sai da aka zaro siririyar ƙusa daga jikin wani benci, ya huda can ƙarshen bututun. Ya tayar, ya murɗa, ya saki. Ta yi ɓaɓatu, ta yi tari biyu, ta ja fito.

Gwaggo ta gyara lulluɓi ta ce, "Yauwa, ga Ilu nan ya iso. Sannu da zuwa, Guntu. Ina kwana?" Ta kama gaisuwa tun daga farko, yaya hanya, yaya Abu, yaya jiki, kamar ba shi ne ya wuni a gabanta yana gumi ba. Shi ma ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Sai a nan aka fashe da dariya.

Da muka dawo Batsari, Iya Abu tun daga nesa ta jiyo mu, muka tarar da ita a zaure ta riƙe ƙugu tana tambayar wa ya yanka mata tunkiya. Baba ya wuce ciki ya bar ni da bayani. Na faɗa mata tukunyar da ke kan wuta da takalmin yaron. Da yamma na ga tana mayar da akurkin kaji can bayan gida, kuma ban sake jin ta ambaci ƙarar Taguwa ba.

Ciwon ajalinsa bai ja ba. Da damina ne shi ma, a lokacin da aka yanke layin waya a yankinmu. Ya cika da safiyar ranar kasuwa, aka kai shi bayan azahar. Da muka dawo daga maƙabarta wani ya ce to wa zai gaya wa Dije. Ba waya, ruwa ya cika rafi sai Taguwa ke iya ƙetarewa, motar da za ta bi ta Safana ba ta isa unguwar. Manya suka dubi juna, sannan duk suka dube ni, don ni kaɗai na bi hanyar tun da ta lalace.

Washegari da safe Iya Abu ta aiko mini da ƙulli. Goro ne da gishiri. Ta ce tun shekaranjiya yana kwance ya sa aka sayo, wai ko ya ji sauƙi. Na ɗaure a ƙarfen gadonta. Makulli dama babu, Baba ya ce duk wanda ya iya tayar da ita ya cancanci ya tafi da ita. Na buga kik, ta ƙi. Na sake, ta rama a ƙaurina. Sada yana tsaye, idonsa ja, ya ce a hankali, "Fushi take." Ba mu yi shawara ba, sai ga mu zaune a tabarma mu biyu, ƙarti, mun juya wa mashin baya a gaban masu ta'aziyya. Da muka tashi ya ɗauko gwangwani, ya zaɓi wani baƙi wanda shi ya san shi, ya ɗaura. Ta yi ɓaɓatu, ta yi tari biyu, ta ja fito. A cikin gida na ji mata sun fashe da kuka.

Hanyar nan ban taɓa jin tsawonta ba sai ranar. Masu noma suna jin ƙarar sai su miƙe su ɗaga fartanya suna kiran Baba Ilu, in na matso sai hannun ya tsaya a sama. Ni kuwa ina ta shirya magana a raina, in ce jikin ne ya yi tsanani, in ce sai haƙuri, duk wadda na ɗauko sai in ga ba ta yi ba. Da na shigo unguwar yara suka fito da gudu, ba wanda ya shiga gero. Na hango Gwaggo a tabarmarta gindin darbejiya, ta gyara zama, bakinta har ya ɗauko zagin da ta tanada. Ban iya ƙarasawa ba, na tsaya a bakin darni, na sa ƙafa a ƙasa, na kashe inji.

Ta juyo da fuska wajena. Murmushin ya tafi a hankali.

"Lawal ne?"

"Ni ne, Gwaggo."

"An kashe ta a inda ba turmi. Na san mai doguwar ƙafa ne. Yaushe?"

"Jiya, Gwaggo. An kai shi bayan azahar."

Ta yi salati, ta maimaita innalillahi, ta ja lulluɓi ta rufe fuska. Na durƙusa a gefen tabarma, duk maganar da na shirya ba wadda ta yi amfani. Mata suka taru suka zauna. Can Gwaggo ta ce ita ta goye shi, ga shi ya riga ta, dama tun yana yaro ba ya jiran kowa. Sannan ta share ido ta ce in tashi in kawo Taguwa wurin turmi in sauka kamar mutum, ba a barin baƙuwa a bakin darni.

Na hau na gangaro da ita, na daidaita, na taka turmin na sauka, gwiwata har haɓa. Gwaggo ta miƙa hannu ta lalubi tanki, da sauran ɗuminsa. Ta shafa fatar ragon inda ta lotsa daidai zamansa, ta bar hannunta a wurin. Na kwance ƙullin na sa mata a cinya, ta sansana ta ce goron bai kai na da ba, an cuce shi yana kwance. Da zan tafi ta kira ni.

"Mako mai zuwa kar ka matsa mata a rafi na biyu. Tun daga can na ji ba hannunsa ba ne, na ce ko zazzaɓin ne ya dawo."

Ban ce zan dawo ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Yanzu duk washegarin kasuwa ni ke ɗaure goro. Ƙafata na kai ƙasa ko'ina, amma a turmi nake hawa, a turmi nake sauka, kuma Gwaggo ta samu sabon wanda take zagi, wai na fi Guntu tsawo amma ban kai shi hankali ba. Sada yana zuwa ya taya ni zaɓen fulogi, ni kuma ba na duban hannunsa.

Allah ya jiƙan Baba Ilu, ya yafe masa kurakuransa, ya sa zumuncin nan ya tarye shi tun daga nesa kamar yadda yaran unguwar ke taryensa. Allah ya kawo mana ranar da za a ji ƙarar mashin a ƙauyukanmu ba wanda zai bar tukunya a kan wuta. Ita kuma Gwaggo, Allah ya ba ta haƙuri, ya bar mana kunnenta. Amin.